Gangar Gurmel a Bakin Tafki

Gurmel Singh makaɗin ganga ne a Chandigarh, kuma gadon sana'ar ya yi. Da ƙuruciya gidajen biki yake bi. Da gwiwa ta fara ciwo, sai ya koma bakin tafki, inda samari ke ɗaukarsa kiɗa idan za su nemi auren budurwa a gaban jama'a.

Yana son aikin. Yakan ce wanda ya furta a bainar mutane da wuya ya zille. Amma kullum idonsa na kan fuskar yarinyar.

Wata Lahadi da yamma wani saurayi, Taranvir, ya ɗauki Gurmel kiɗa, ya durƙusa da zobe a gaban Manroop, abokiyar aikinsa. Mutane suka kewaye su, kowa ya ɗaga waya. Gurmel ya ga yarinyar ta daskare, tana ta waige-waige. Sai ya saki kiɗa da ƙarfi har ba mai jin wani, ya ja jama'a gefe da rawa. A cikin hayaniyar ta sunkuya ta yi wa Taranvir magana, ta tafi.

"Kawu, ka ɓata min shiri," in ji Taranvir.

"Ɗana, me ta ce?"

"Wai in ba ta lokaci."

"To ka gode. Da kowa na saurare, kunya za ta sa ta amsa, ku yi ta zaman doya da manja."

Gurmel bai ji yadda suka ƙare ba. Tun ranar, kafin ya karɓi aiki, sai ya tambayi saurayi ko yarinyar ta san da zancen.