Gwaggo Tasalla da 'Yan Tsakin Juji

Kun gani, kuka kau da kai. Babu wanda ya taɓa bi ta jujin bayan kasuwar Dayi da hantsi bai ga ɗan tsako kwance ba, yana buɗe baki, tururuwa ta rufe masa ido. Kuka tattare riga kuka wuce. A garin nan mutum ɗaya ce ke tsayawa, kuma har yau ba wanda ya ce mata sannu.

Gwaggo Tasalla ce, matar marigayi Mudi masaƙi, tsohuwar nan ta gidan gindin tsamiya. Kafin rana ta yi zafi ta dawo daga suri da tukunyar gara, ta zazzage wa 'yan tsaki, ta bi akurki ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa. Ba kajinta kaɗai take yi wa hidima ba. Buba Bafulatani na kawo mata ƙwan zabi daga rugarsu, ita ke zaɓen kazar da za ta kwanta a kai, don zabuwa ba ta da haƙurin kwanci.

Abin da ya fi ɗaure kai a aikinta shi ne ƙwan da kaza ta tashi ta bari. Kowa ya san yadda ake yi: kaza ta fita da 'ya'yanta, abin da ya rage a ce baragurbi ne, a watsar. Tasalla ba ta yarda da sunan nan sai ta gwada. Takan zuba ruwa mai ɗumi a ƙwarya, ta saki ƙwan a ciki, ta zuba ido. Wani ya tsaya cik. Wani kuwa sai a ga yana rawa shi kaɗai, ba iska, ba hannu. Wannan za ta tsame, ta naɗe shi da auduga, ta ajiye kusa da murhu. Ta yaya take sanin ɗumin da ya isa, wanda ba zai dafa ƙwan ba? Maƙwabciyarta Asma'u ta taɓa tambayarta. Ta ce, "Ɗora shi a fatar idonki. In kin ji daɗi, shi ma ya ji."

Amma ba duk wanda ya fasa ƙwai ke rayuwa ba. Wani ƙafafunsa a baje, sai ta haɗa su da zare har su miƙe. Wani ba ya ɗaga kai, sai ta riƙa ɗiga masa ruwa da gashin kaza. Wanda ya haɗiye, nata ne. Wanda ya fito da ciki a buɗe kuwa, ta san ba zai kai yamma ba, kuma ta san abin da juji zai yi masa kafin yamman. Sanda Mudi ke da rai, miƙa masa take yi ya yanka, a huta.

Daminar da ya rasu, irin wannan ya fito daga ƙwan Buba. Ta sa shi a tafin hannu ta nufi rumfar Rabe mahauci.

"Rabe, ɗan nan, ara mini hannunka."

Ya leƙa, ya yi dariya. "Gwaggo, wannan ai bai kai in wanke wuƙa ba. Ina naman? Jefa shi juji, shirwa ta sa miki albarka."

"Ba nama na zo nema ba."

"To jira Malam Ummaru ya tashi daga karatu, ya yanka miki ragon naki."

Ta dubi abin da ke hannunta. "Ni na iya jira. Shi fa?"

Mazan rumfar suka ci gaba da hirarsu. Ta koma gida, ta ɗauko wuƙar Mudi ta wasa a dutse. Asma'u na tsaye ta ga komai. Ta ce tsohuwar ta zagaya bayan rumbu don kada sauran 'yan tsakin su gani, ta fuskanci alƙibla, ta ambaci sunan Allah, kuma kafin ƙiftawar ido an gama. Ta tona rami ta rufe shi.

Kafin la'asar magana ta zaga gari: mace ta yi yanka. Wasu matan suka aiko a karɓo ƙwansu. Wata ta daina cin tuwon gidan, wai hannun ya ɓaci. Masu karatu a cikinku sun sani sarai cewa al'ada ce ta hana mace yanka, ba addini ba, kuma sun san an umarce mu da wasa wuƙa da sauƙaƙa wa dabba. Wa ya buɗe baki? Wane irin gari ne ke ƙyamar hannun da ya ɗauke azaba, amma bai ƙyamaci hannun da ya jefa mai rai ga tururuwa ba?

Gwaggo, ke ce kika sa kunne inda muka toshe namu. Ke ce uwar waɗanda uwarsu ta tashi ta bari. Zabin da ke kuka a rugar Buba, da zakarun da ke tashin rabin garin nan da asuba, da yawansu an riga an kira su baragurbi kafin su zo hannunki. Waɗanda ba su rayu ba kuwa, kin ba su abin da ya rage a ba su. Mun gode. Allah ya sauƙaƙa miki kamar yadda kika sauƙaƙa musu.

Yanzu tsufa ya sa hannun Gwaggo ya fara rawa. Zaren ƙafar 'yan tsaki Asma'u ke ɗaura mata. Wuƙar ce ba ta sami mai karɓa ba. Ta ce abin da take tsoro shi ne ranar da za ta kuskure, ta ƙara wa ɗan tsako wahalar da ta zo ɗauke masa. Ga damina ta kama, kaji sun hau kwanci a kowane gida.

Kai Rabe, da kai mai karatu, da ke mai akurki a bayan ɗaki: kada a ƙara ganin mai rai a jujin nan. Ku je gidan gindin tsamiya yau, ku zauna ta koya muku gwajin ruwa, sannan ɗayanku ya miƙa hannu ya karɓi wuƙar Mudi.