Farar Ƙasa a Bangon Umair

Idan ka shiga babbar kasuwar Jimeta ta layin masu atamfa ka ɗaga kai, yawancin allunan da ke saman shaguna hannun ƙanena ne, Umair. Shi ne mai ƙafar robar nan da ke zama a inuwar shagona da gwangwanayen fenti, yana rubuta wa 'yan keke mai ƙafa uku lamba da addu'a a bayan kekensu. Soja suke ce masa. Ba su san yana da digiri ba, balle su san saura ƙiris ya shiga karatun na biyu. Ni Sabuwa, yayarsa, ni na sani, kuma har gobe idan na tuna sai raina ya ɓaci.

A Makama muka tashi, cikin Yola, a gidan Bappa Hamman ƙanen babanmu. Iyayenmu sun rasu muna ƙanana, Gogo yayar babanmu ce ta riƙe mu. Tun Umair bai iya ɗaure wando ba yake satar gawayi a murhu yana zana awaki a bangon madafi. Ya sha duka wurin Gogo har ta gaji ta bari. Da ya girma ya tafi jami'a ya karanta zane-zane, ya dawo da takarda mai kyau, sai dai babu aiki. Ya yi yawon ofis-ofis har takalminsa ya cinye. Ranar nan kawai ya ɓoye digirin a akwatin Gogo, ya ɗauki takardar sakandare ya shiga soja a matsayin kurtu, kamar yadda wasu abokansa suka yi. Na yi masa masifa kamar zan ci naman jikinsa. Ya tsaya yana murmushi, ya ce, "Adda, ko ba komai za a ba ni takalmi."

Shekarar da 'yan ta'adda suka kama Mubi, lokacin da mutane suka cika Yola da tabarmi da yara a kafaɗa, shi can aka tura shi. Ya daɗe a dajin nan. Daga baya, a hanyar Madagali, motarsu ta taka nakiyar da aka binne. Shi kaɗai ya fito da rai. Ya dawo mana babu ƙafar hagu daga gwiwa, kansa kuma ya zama kamar ƙwarya mai tsaga, abin da ka zuba yau gobe babu. Ya san ni, ya san Gogo, ya san fenti. Amma mutanen da suka yi shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya da shi, fuskokinsu sai su zo masa su gudu.

Ɗakin da ke jikin zaure aka ba shi. A nan ya fara. Duk lokacin da wata fuska ta faɗo masa, ko yana tsakiyar cin abinci ne, sai ya ture kwano ya ja jiki zuwa bango, ya kama ta kafin ta tsere. Gawayi yake amfani da shi, da alli, da jar ƙasa da yake kwaɓawa da ƙaro. Babu jini a bangon nan, babu gawa. Ga Danny yana barci baki buɗe ya yi matashi da takalminsa. Ga Obiefuna, yaron Jimeta, yana aske gemu da ɓallin madubi. Mahaifiyar Obiefuna tana da shagon kayan masarufi a bayan layinmu. Na taɓa kai ta ɗakin. Ta zauna a ƙasa gaban ɗanta tun hantsi har aka kira azahar, da za ta fita ta dafa kan Umair.

Doka ɗaya ya kafa, ba a ɗaga waya a ɗauki hoto a ɗakin nan. Yana kwance a asibiti ya ga hotunan gawarwakin abokansa suna yawo a wayoyin mutane, har wani mai jinya ya miƙo masa yana tambaya ko ya san su. Tun daga ranar ya ce mutanen nan ba za su sake shiga wayar kowa ba. Ni kaina na taɓa gwadawa, ya yi mini kallon da ban ƙara ba.

Da bangon ya kusa cika, wata rana ya same ni a shago ya ce, "Adda, ina so in koma makaranta. Digiri na biyu." Ya ce hannunsa ya san abin da yake so, amma akwai abin da bai iya ba tukuna, kuma yana so wata rana ya koyar. Wallahi rabon da in ji ya ce yana son wani abu tun kafin ya tafi daji. Na juya baya ina gyara atamfar da ba ta buƙatar gyara, don kada ya ga idona.

Sauran mutane da suna suke zaɓen makaranta. Shi da ƙafa ya zaɓa, duk da ɗaya ce ta rage masa. Ya ce soja ba ya kwana a wurin da bai zagaya ba. Na rufe shago na bi shi, don ba zan bar shi ya hau motar haya shi kaɗai ba.

Makaranta ta farko babba ce, mai suna, can nesa. Ɗakin zanensu yana saman bene, matakala kuma a tsaye kamar tsani. Ya hau da ƙyar yana zufa. Shugaban sashen da ya ji tsohon soja ne sai idonsa ya yi haske. Ya ce ai irinsa suke nema, ya zana musu yaƙin yadda yake, da wuta da jini, manyan masu sayen zane abin da suke so ke nan. Ya kuma ce a kawo ayyuka a kan ƙyalle, waɗanda za a iya jerawa. Umair ya yi godiya muka sauko. A ƙasan benen ya ce mini, "Wannan kasuwa yake nema."

Ta biyu har sanarwa suka manna cewa suna sassauta wa tsofaffin sojoji. Gaskiya sun karɓe mu da fara'a. Aka tara ma'aikatan ofis aka tafa masa, aka tsaya da shi aka yi hoto, yana tsaye kamar wanda aka kama da laifi. Amma ɗakin zanen bango ɗaya ne da inda ɗalibai ke sassaƙar ƙarfe. Muna ciki wani ya saki faifan ƙarfe a ƙasa. Kafin in ƙifta ido Umair yana ƙarƙashin tebur ya rufe kai da hannu. Yara suka yi dariya, sannan suka ji kunya suka yi ta ba da haƙuri, ni kuwa haƙurin ya fi dariyar ƙona mini rai. Da muka koma ofis aka ce ya turo hotunan ayyukansa ta waya, idan babu hoto babu magana. Ya ce to, muka fito.

Ta uku ƙarama ce, a jihar da ke maƙwabtaka da mu, ba ta da wani suna. Ɗakin zanen a ƙasa yake, ƙofa biyu, ga bishiyar maina a bakin taga. Mai kula da masu digiri na biyu wani dattijo ne, Dokta Apollos, haifaffen Vinikilang nan ƙetaren gada, hannunsa irin na manoma. Da muka shiga ya lura Umair yana waige-waige, bai son kujerar da ta ba ƙofa baya. Ya tashi daga tasa kujerar ya ba shi, shi ya koma waccan. Bai tambaye shi yaƙi ba, bai kalli ƙafar ba. Suka yi ta hirar irin jar ƙasar da ake samu a bakin Binuwai.

Can ya ce, "To ina aikin naka?"

Umair ya ce, "A bango yake, ranka ya daɗe. Kuma ba na ɗaukarsa hoto."

Dattijon ya ce, "Bango ba ya hawa mota. Ni zan zo." Ya yi mana bayani dalla-dalla cewa masu tantancewa za su karɓi shaidarsa a madadin hoto, amma sai ya gani da idonsa, ba zai rantse a kan abin da bai gani ba. Ya sa mana rana. A mota muna dawowa Umair ya yi barci a kafaɗata kamar yaro. Ya riga ya zaɓa.

Na gaya wa Bappa da Gogo cewa babban malami zai zo daga jami'a ya ga zanen Umair. Haka na faɗa, da bakina, kalma-kalma. Shi Umair ba zai iya ba, a gidanmu yaro ba ya zama gaban manya yana zayyana al'amuransa. Ana gab da ranar, ƙafar robar ta fara cin naman gwiwarsa, ya ce ba zai tarbi baƙonsa a zaune ba. Ya tafi wani gari inda ake gyara ta, zai kwana biyu.

Da yammar jajibirin zuwan baƙon na biyo ta Makama da naman da za a soya. Tun daga bakin zaure na ji warin ɗanyar farar ƙasa. Ƙofar ɗakin a buɗe. An share, an shimfiɗa sabuwar darduma, an kunna turaren wuta. Bango huɗu fari fat. Ledar naman ta faɗi daga hannuna.

Gogo ta fito tana goge hannu, fuskarta cike da jin daɗi. Da irin Hausarta ta ce, "Ɗakin ya yi kyau ko? Sau biyu na sa aka shafa. Malamin in ta zo ba za ta ga komai ba."

Na yi ihun da ban taɓa yi wa babba ba a rayuwata. Bappa ya fito daga ciki da carbi a hannu ya ce in sassauta murya. Ya ce shekara da shekaru ya kau da kai ga surar mutane a bangon gidansa, saboda yaron ba shi da lafiya. Amma baƙo mai daraja zai shigo, a zaunar da shi a tsakiyar wannan? Gogo ta ce, "In malamin ya ga bangon nan zai ce yarona mahaukaci ne, ya hana shi makaranta. Zanensa ai yana cikin akwati, na ajiye masa." Takardun da ya yi tun yana jami'a take nufi, tulu da ƙwarya da kwandon lemo. A wurinsu abin da ke bangon nan ciwo ne, ba aiki ba, kuma ciwon gida ba a nuna wa baƙo. Don su rufa masa asiri suka yi. Abin da ya hana ni samun wanda zan tsana ke nan, kuma shi ya fi ci mini rai.

Na ɗebo ruwa da tsumma na goga a gefe ɗaya. Gawayi da alli ne a ƙasa, sun riga sun narke cikin farar ƙasar. Toka-toka kawai ta biyo tsumman.

Washegari Umair ya sauka a tasha daidai lokacin da Dokta Apollos ya iso, suka shigo keke ɗaya suna hira. Na tare su a zaure. Umair ya wuce ni ya shiga. Da na leƙa yana tsaye a tsakiyar ɗakin a kan sabuwar ƙafarsa, dattijon yana bayansa da hula a hannu.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya taka zuwa bango ya ɗora tafin hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, nan Danny ne. Barci yake yi." Ya matsa. "Nan Obiefuna, yana aski." Haka ya bi farin bangon yana kiran suna, yana faɗin abin da kowa ke yi, dattijon yana binsa yana kallon duk inda ya nuna kamar akwai abin gani. Da suka kai kusurwar taga sai hannunsa ya tsaya. Ya daɗe a wurin. Sunan bai zo masa ba, ya juyo ya kalle ni, ya sake kallon bangon. Ya ce, "Akwai mutum a nan."

Gogo tana bakin ƙofa da tiren abinci. A lokacin ta gane. Ta ajiye tiren a ƙasa a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki. Har ta rasu ba ta ƙara bi ta ƙofar ɗakin nan ba, ta ƙofar baya take zagayawa.

Dokta Apollos bai yi mana ƙarya ba. Ya ce ba zai iya shaidar abin da bai gani ba, amma Umair ya sake zana ko da mutum uku ne, a bango ko a ƙasa ko a duk inda ya ga dama, ya kira shi, zai sake hawa mota. Duk shekara idan lokacin ɗaukar ɗalibai ya yi sai ya bugo. Umair ya gwada. Na sha ganinsa zaune da gawayi a hannu har ya gaji ya ajiye. Yawancin sunayen suna nan, fuskokin ne ba su dawo ba. Ashe tun da ya sa su a bango kansa ya sake su, ya bar wa bangon ajiya. Bara dattijon ya yi ritaya ya koma gona a Vinikilang. Wanda ya gaje shi mutumin kirki ne, ya ce a turo hotuna ta waya.

Yanzu haruffa kawai Umair yake yi, da lambobi. Hannunsa bai mutu ba, duk kasuwar nan babu mai jan layi kamarsa. Kwanakin baya, ana ruwa babu ciniki, yana wanke buroshi sai ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Adda, ke kin sha shiga ɗakin nan. Na kusa da taga, yaya yake?"

Na rufe ido na yi ta lalube. Ni mai atamfa ce, launi nake riƙewa ba fuska ba. Na ce, "Dariya yake yi. Yana da wushirya."

Ya jawo wani kwali da aka ciro daga bandir ɗin atamfa, ya ɗauki fensir. Ya zana baki yana dariya, da 'yar tazarar nan tsakanin haƙora. Ya riƙe fensirin a sama inda hanci zai zauna, ya jira. Ruwa ya ɗauke, wani ɗan keke ya leƙo yana kiran Soja a zo a rubuta masa lamba. Umair ya miƙo mini kwalin ya ce in ajiye masa inda ba za a share ba, ya ɗauki gwangwaninsa ya fita.