Baba Ishaya Mai Faci da Tambayar da Ya Ƙi Amsa Mini

Shekarar da aka rufe iyaka, wadda manyan motoci suka yi layi a Jibiya har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, ita ce shekarar da na zama ɗan rumfar Baba Ishaya mai faci. Ni ɗan dako ne, dako kuwa ya tsaya cak. Sai in wuni a kan bencinsa ina kallonsa yana tsoma tib cikin ruwa yana neman inda iska ke fita.

Ku da kuka san shi kun san halinsa. Ba a yi wa Baba tambaya ya amsa da ka. Sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya jawo Littafi Mai Tsarki daga rigar da ya ɗinka masa da tsohuwar robar taya, ya buɗe, ya danna babban yatsa a kan layi, ya turo maka har bakin hanci. "Ga shi nan, karanta da kanka." In ka ce ba ka iya ba, ya yi tsaki ya karanta maka, yana yi yana hararar ka kamar kai ka huda masa taya.

Kun tuna faɗansa da Malam Haruna mai shayi, mutumin Maradi da ke jikin rumfarsa? Kullum sai sun yi, a kan benci ko a kan ruwan wanke kofi da ke gangarowa. To Baba ya karanta inda manzo Bulus ya ce kada rana ta faɗi mutum yana riƙe da fushi, ya kuma ɗauke shi yadda yake. Shi ya sa da safe yake fara faɗansa, don ya samu wuni guda yana jin daɗin abinsa. Wata rana wani direba ya zage shi bayan la'asar. Baba ya ɗaga kai ya dubi rana ya ce, "Ɗan nan, ka makara. Ka dawo gobe da safe, mu yi shi a natse."

Da ladanin tasha ya kira magariba kuwa, sai ka ga Baba ya yar da guduma ya nufi Haruna da sauri.

"Haruna, yafe mini maza, rana za ta faɗi!"

"Ishaya, alwala nake yi."

"To yafe da kai, ba sai ka yi magana ba!"

Ran nan Haruna ya ƙi, don tsokana. Baba ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Shi ke nan. Ni na sauke nawa. Kai ka kwana da naka, mu ga wanda sauro zai fi ci."

Sai maganar shinkafa. Da aka rufe iyaka, samari suka koma bin daji da babura suna shigo da ita. Har 'yan cocinmu a ciki, yunwa ba ta tambayar addini. Suka zo wurin Baba suka ce, shin wannan zunubi ne? Ya buɗe musu inda Yesu ya ce a ba Kaisar abin da ke na Kaisar. Wani ya ce, "Baba, Kaisar ai ba ya cin shinkafa." Ya ce, "Ba ya ci, amma shi ya kafa shingen." Duk da haka in tayarsu ta fashe a daji, shi ke yi musu faci. Na ce, Baba, wannan fa? Ya ce, "Allah yana fito da rana a kan mai kirki da mugu. Ni wa ne da zan hana taya iska?"

Shi dai ya rantse ba zai ci ba. Ranar Kirsimeti aka tara mu a gidansa, matarsa Mama Rifkatu ta ajiye masa faranti. Ya leƙa ya ce, "Wagga shinkafa, titi ta biyo ko daji?"

"Tukunya ta biyo," in ji Mama.

Ya ture farantin. Mama ta shiga ɗaki ta ɗauko littafin ta dire a gabansa. Ta ce, "Malam, da babbar Salla da Haruna ya aiko da naman layya, wasu suna cewa bai halatta ba, ba kai ka buɗe mana inda aka ce in an ajiye maka abinci ka ci ban da bincike ba? Har ƙashi ka tauna. Ga shi nan, karanta da kanka."

Kai, jama'a! Baba ya buɗe, ya duba, ya rufe. Can ya ce, "Wurin ba kan shinkafa yake magana ba. Amma zubo. Ban da miya, don a san raina bai so ba." Ya cinye ta gaya, ya ƙara.

Ni tawa tambayar ba ta dariya ba ce. A shekarar nan Innata ta rasu a ƙauyenmu can wajen Malumfashi. Bamagujiya ce, ba ta taɓa shiga coci ba, ba ta taɓa shiga masallaci ba, amma ba baƙon da ya taɓa kwana da yunwa a gidanta. A motar dawowa daga biso wani mai wa'azi ya ce mini kai tsaye tana cikin wuta. Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. In na ɗora kaya a ka, maganar nan ta fi kayan nauyi.

Na gaya wa Baba. Ya wanke hannu, ya buɗe can farkon littafin, ya turo mini. Na ce ya san ban iya ba, ya karanta mini.

"Wannan ba zan karanta maka ba, Tanko."

"Don mi, Baba?"

"Baki ne ya sa maka abin nan a rai. In na cire da nawa bakin, gobe wani mai bakin da ya fi nawa ya mayar. Je ka koyo karatu."

"Da furfurata?"

"Da furfura ake karatu ko da ido?"

Ya yanki siririyar roba ya sa a shafin, ya rufe. Na roƙa, Mama ta roƙa, har Haruna ya sa baki ya ce, "Ishaya, ka ji tsoron Allah, mutum yana cikin makoki!" Ko gezau.

Haka na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi da yamma a firamare, ina zama a kujerar yara, gwiwoyina suna taɓa haɓata. Ni ba mai saurin ɗauka ba ne. Har aka buɗe iyaka, dako ya dawo, ban gama haɗa baƙi ba. In na biyo ta rumfa Baba ya nuna jikin mota ya ce, "Mi aka rubuta can?" In na yi daidai ya ce Haruna ya ba ni shayi. In na kuskure ya sha shayin da kansa.

Ana cikin haka yanar ido ta rufe wa Baba gani, ya daina faci, ya koma zaman gida. Tsoro ya kama ni kada ya tafi ban kai ba. Wata Lahadi bayan sujada na je na ce na shirya. Ya sa aka kawo mini ruwa da sabulu tukuna.

Na buɗe wurin robar. Littafin Farawa ne, inda Ibrahim yake roƙon Allah saboda mutanen Saduma. Ina bi da yatsa, ina tuntuɓe. Ibrahim ya ce in akwai masu adalci hamsin fa? Aka yarda. Ya rage, aka yarda. Ya sake ragewa. Baba ya fashe da dariya har da buga cinya. "Ka ji ɗan kasuwa! Wanga da a Jibiya yake, ba Ba'adaren da zai ci ribarsa! Koma baya kaɗan, ka tsallake wurin."

Na koma. Wurin da Ibrahim yake cewa, ashe mai shari'ar duniya duka ba zai yi abin da ke daidai ba? Na karanta sau biyu. Na ɗago kai.

"Baba, ai bai faɗi inda Inna take ba."

"Bai faɗa ba."

"Duk wahalar nan da na sha a kujerar yara?"

"Ni ma ban san inda take ba, Tanko. Mutumin motar nan ma bai sani ba. Yesu ne hanya, a kan wannan zan mutu. Amma shari'ar uwarka ba a hannuna take ba, ba a hannunka ba. Ka dai karanta hannun wanda take. Kana ganin ka fi shi tausayinta?"

Na ce a'a. Sai hawaye, ni da girmana. Baba ya laluba ya kama kafaɗata, ya ɗaga murya ya ce, "Rifkatu, kawo wa mai karatu abinci!" Ran nan na ci har na suɗe kwano.

Daga nan kowace Lahadi ni ke karanta masa, yana gyara mini da ka, yana tsaki. Da damina ta ƙare ya kwanta, bai tashi ba. Mama ta rasa miji, 'ya'ya biyar sun rasa uba, cocinmu ta rasa dattijo, ni na rasa wanda zan karanta wa.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Ishaya, ka ba shi hutu, ka buɗe masa idon da ya rufe a nan. Ka riƙe Mama da yaran. Innata kuma na bar ta a hannunka. Amin.