Begilar Yaya daga Bayan Katanga

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Nguru, ni da wani maƙwabcina da ya ce ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba, wai na tsufa. Shi ma da sanda yake tafiya. Yayana ne ya rasu a Gashuwa, tsohon soja, kuma akwai alkawari a wuyana. Ya sha ce mini ranar da ya mutu in tabbata an busa masa begila an sara masa, tunda ni dai ban tsinana wa soja komai ba.

Gaskiyarsa. Tare muka je ɗaukar soja muna samari. Ina ganin allurar da likita ya zaro na ce zan kewaya, kuma har yau ban koma ba. Shi ya shiga jirgin ƙasa a tashar Nguru, ni na ɗaga masa hannu daga bayan buhunan gyaɗa. Tun ranar yake kira na Kofur.

Kuɗin mota yanzu ya kai abin da a da muke sayen tunkiya. Aka cusa mu huɗu a baya, gwiwata a haƙarƙarin wani mai kilishi, ƙamshi na duka na amma ban samu ko yanki ba. A Jajimaji muka sha kunu da ƙosai, ƙosan duk sun rame. Gonakin gero dai suna nan yadda na san su lokacin da ni da Yaya muke bin hanyar a kan keke ɗaya, shi yana tuƙi, ni ina ƙorafi.

Da muka isa, na yi gaisuwa a gurguje na nufi wurin sojoji, ina zaton za a haɗo ni da mota cike da bindigogi. Wani mai igiya biyu ya saurare ni da ladabi, ya tambayi inda gawar take. Na ce tana ƙasa tun jiya kafin magariba, mu ai ba ma kwana da mamaci. Ya ce irin wannan sai da takardu, kuma tun kafin a binne. Da ya ga idona, ya kwatanta mini shagon wani tsohon Saja kusa da masu kifi banda.

Sajan Kirista ne, mutumin kudu, amma Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ina faɗin sunan Yaya ya cire tabarau. Ashe rami ɗaya suka kwanta a wurin yaƙi. Sai ya dube ni ya ce, "Kai ne Kofur ɗin allura?" Wato Yaya ya gama da ni a garin nan tuntuni.

Ranar addu'ar uku Saja ya zo da tsofaffin sojoji uku, kowa da hularsa da ta koɗe, da begila a cikin buhun shinkafa. A ƙofar maƙabarta, liman ya ce addu'a a ciki, amma busa ba a maƙabarta ba. Na ce alkawari ne, Malam. Sai ya ce shi dai ikonsa a katanga ya tsaya.

Muka zagaya baya, daidai saitin kabarin. Mai busar haƙoransa biyu suka rage, karon farko abin ya fito kamar kukan rago mai mura. Ba wanda ya yi dariya. A karo na biyu ta miƙe, siririya, har masu wanki a bakin kogi suka ɗago kai. Saja ya waiwayo ya ce, "Kofur, shiga sahu, gurbin yayanka ne." Na shiga na ƙame, na sara da hannun da na ga kowa ya ɗaga.

Washegari muka dawo Nguru da kifi banda na tsaraba da hular sojan Yaya, wadda 'yarsa ta ce ni ya bar wa. Abin da tafiyar ta koya mini, in mutum ya ba ka saƙon ranar mutuwarsa, ka tambayi hanyarsa tun yana numfashi. Hular ta yi mini yawa, tana rufe mini ido. Na rataye ta a ƙofar ɗaki, kullum in zan fita masallaci sai na sara mata.