Gatarin Aradun Kakata

Shekarun baya, ina kwalejin horon malamai a nan Tamale, aka tura ni gwajin koyarwa wata makaranta a Sakasaka. Darasin da ya faɗo mini shi ne na mutanen farko: yadda suka fara tafiya da ƙafa biyu, suka koyi fasa dutse su yi wuƙa, daga baya suka iya sarrafa wuta. Ranar Talata mai duba mu zai zo, kuma makin ranar ne zai nuna ko na haye. Ba ni da abin nuna wa yara sai zanen alli.

Sai na tuna da kakata a Gbalahi. Tana da wani baƙin dutse mai santsi, bakinsa a washe kamar gatari, wanda ta tsinta a gonar doya tun tana amarya. Gatarin aradu take ce masa. A gindin randa take ajiye shi, wai tsawa ba ta faɗa wa gidan da yake ciki.

Na hau babur na je, kaina na hayaƙi da karatun wata uku. Maimakon in roƙa, sai na buɗe mata lacca. Na ce ba daga sama ya faɗo ba, mutum ne ya wasa shi. Da na tsaya nan, da an rabu lafiya. Amma na zarce, na ce ai kakanninmu na can farkon zamani sun yi kama da birai.

Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Maigida, wannan suke koya maka a sukuu, makarantar nan taku? Ni dai jikar Annabi Adamu ce. Kai ka san naka dangin."

Ta zuba mini tuwo, amma dutsen bai bar gindin randa ba. Na kira mahaifiyata ina ƙorafi. Ita kuwa ta ce, "Aro ka je nema ko gardama?"

Washegari na bi tsohuwar zuwa gona, na karɓi fartanya na yi noma har rana ta take, sannan na ba ta haƙuri. Da muka dawo gida na ɗauko dutsen na sa mata a hannu. Na ce, "Kaka, dubi bakin nan. Lokacin babu ƙarfe. Dutse aka goga a kan dutse."

Matar da ta yi rayuwarta a kan dutsen niƙa ba ta buƙatar ƙarin bayani. Ta daɗe tana shafa bakin da babban yatsa. Can ta ce, "Wannan ya fi aikin sati. Hannun mai wasa shi ya yi kanta. Duk wanda ya zauna ya yi wannan, akwai masu jiransa da yunwa a gida."

Ta naɗe shi a tsohon ɗankwali ta ba ni, da sharaɗin in dawo da shi kafin hadari ya haɗu. Ranar Talata yara suka yi ta miƙa wa juna shi, har mai duba mu ya karɓa ya jinjina nauyinsa. Na haye, ranar Laraba na mayar mata da kayanta.

Zancen birai dai ba ta taɓa yarda ba, ni ma ban sake tayar da shi ba, kuma hakan bai rage mana komai ba. Har yau ina koyar da darasin, sai dai na daina farawa da ƙasusuwa da siffar kai. Ni na haddace sunayen mutanen farko a littafi, amma ita ce ta fara tausaya musu.