Ɗayan da Ba a Rubutawa

Ni a aji uku bokona ya tsaya, amma Allah ya ba ni kunne. Lokacin da ɗiyata ke karatu a babbar makarantar nan ta Kaura, da la'asar takan baje kwamfutarta bisa tabarma. Ina tsintar wake, tana karanta abin da ya fito da ƙarfi, kamar mai tilawa.

Aikin da aka ba ta shi ne ta koya wa na'urar, in an ba ta lamba, ta farfasa ta zuwa ƙananan lambobin da ba su ƙara rabuwa. Ta sa ɗari uku da sittin, ta karanto: "Biyu, biyu, biyu, uku, uku, biyar."

Na ce, "Ke, wannan ai in'ina ce. Wa zai saurara?"

"To Malama, ƙaƙa za a yi?"

"In an yanko dawa, zangarniya ɗaiɗai ake jerawa? Ɗaurewa ake, dami-dami."

Ta yi dariya har ta kifar mini da faifai. Kwana biyu tana fama, sai ga shi: biyu da ɗan ƙaramin uku bisa kanta, wato sau uku ta zo, uku da ɗan biyu, biyar kuma da ɗan ɗaya, tsaye kamar tsinke.

Ɗayan nan ya tsone mini ido. Na ce mai zaman kaɗaici ba sai an rubuta masa a goshi ba. Ta goge shi tana cewa, "Shina nan dai, Inna, ko ba a rubuta ba."

Sati na zagayowa ta tafi Zurmi gaida gwaggonta. Aka tare motarsu a hanya. Damina biyu ke nan, ba waya, ba gawa.

Dangi sun fara zancen a yi mata sadaka. In baƙo ya tambayi yawan 'ya'yana, sai in ji an lissafa babu ita. Ni kuwa da la'asar, ina ɗaukar faifai nake jin "biyu, biyu, biyu" daga wajen tabarmar.

Rannan abokiyar karatunta ta zo gaishe ni. Na ciro kwamfutar daga adaka, ta sa mata caji, ta buga lambar nan. Biyar ta fito, kanta ba komai.

Na ce, "Ɗiyar nan, kin iya mayar da ɗan ɗayan?"

"Inna, ai haka ya fi daɗin karantawa."

"Na sani, ni na sa aka cire. Mayar mini dai."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta gyara zama, ta jawo kwamfutar.