Cinyar Kaltume Mai Kitso

Kowa a unguwarmu a Birnin Kudu yana yabon Kaltume mai kitso. Ni kuwa da an fara sai in ce na bar tukunya a kan wuta. Ba wani laifi ta yi min ba. Kishinta nake, kuma ba zan ɓoye ba.

'Yar Kwandiko ce ta ƙasar Gwaram. Aure ya kawo ta, ta auri Dogara mai faci a bakin tasha, ta haifa masa maza reras, ba mace ko ɗaya. Da ta rasa kan da za ta kitsa a gidanta, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta shiga kitsa na 'ya'yan mutane. Hannun nata ma ba wani abin a zo a gani ba ne, ni na sha ganin shukunta a karkace. Amma ran Asabar gidan cika yake da yara kamar ana rabon alewa.

Tana da wasu dabaru. In yara biyu suka zo suna gaba, ba ta yi musu wa'azi. Sai ta ce ba ta kitso sai an yi tsifa, ta sa wannan ta tsefe wa waccan. Wadda ta ja da ƙarfi ta san ana gamawa nata kan ne a hannun abokiyar faɗan, don haka dole ta lallaɓa. Kafin a gama sai ka ji ana dariya. In kuma yarinya ta zo tana kumbure-kumbure, Kaltume kan kwantar da kan yarinyar a cinya ta ce, "Wannan fushi ne, ko tsoro, ko kunya? Zaɓi ɗaya mu ji." Har malaman firamare sun gano ta, suna cewa iyaye su kai mata masu rigima.

Duk wannan bai dame ni ba sai da abin ya zo kan 'yata ta fari. A gidanmu ba a faɗin sunan ɗan fari, ba a wasa da shi a gaban mutane. Haka aka yi min, haka nake yi, ni ma da sunan ƙaninta Iliyasu ake kirana. "Ke" nake ce mata. Ga ta da in'ina, ni kuma ga aiki, in ta fara magana sai in ƙarasa mata in sallame ta.

Bara sai ta tsiri ciwon ciki kullum da safe, a lokacin tafiya makaranta. Na jiƙa mata kanwa, na kai ta asibiti, aka ce lafiyarta ƙalau. Ana haka Kaltume ta yi sallama, ta zauna a kan turmina ta ce, "Maman Iliyasu, ba ciki ba ne. Ummussalma ta ce min in aka sa ta karatu a aji, yara kwaikwayonta suke."

Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Ba maganar yaran ce ta fi ƙona ni ba, Allah Ya yafe min. Yadda sunan ya fito daga bakinta ne, a cike, kamar ita ta yi naƙudar. 'Yata tana kwana a ɗakina, amma damuwarta sai an ɗauko min daga gidan wata.

Kaltume da mijina suka je wurin malamar ajin, aka tsawata wa yaran, ciwon ciki ya tafi. Nawa ciwon yana nan. Ranar kasuwa na sayi kibiyar kitso da mataji, Asabar na zuwa na ce, "Ke, yau ba inda za ki. Zo nan."

Ta kwantar da kai a cinyata jikinta a sandare. Rabon da in riƙe kan nan tun tana goye. Na fara tsaga, na ce, "To, faɗa min abin da kike faɗa mata." Shiru. Na sake tambaya, har na fara hasala. Can ta ce, "In-inna Kaltume ba ta ta-tambaya sau biyu. Ji-jira take."

Na ja bakina na rufe. Na yi layi ɗaya, na yi na biyu, tuwona yana ƙauri a kan murhu ina ji na ƙyale shi. Sai ta fara. Kalma ɗaya sai ta maƙale, ina sane da abin da take son cewa, harshena yana ƙaiƙayi, na danne. Ta ba ni labarin wata Kulu da ta dawo zama kusa da ita a aji. Ƙaramin labari ne, amma ya kai mu har la'asar.

Kitson ya fito a karkace, ya fi na Kaltume muni nesa ba kusa ba. Washegari Kaltume ta gan ta a bakin famfo, ina jiyo su ta katanga. Ta yi dariya ta ce, "Ummussalma, wa ya yi miki wannan aika-aika? Zo in gyara."

Na tsaya cak da tsintsiya a hannu.

"A'a," in ji 'yata. "I-innata ce ta yi min."